Ranar Da Na Kashe Baba Iro A Intanet

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Kaura Namoda ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Ranar na sa sabon kaftani, na kafa hula, na tsaya gaban dattawa ina jiran a yaba mini. Kafin azahar kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, shari'a kuma ta kankama, kowa yana taka-tsantsan da abin da zai fito daga bakinsa. Wayar hannu ta fara shigowa, amma da ka bar Kaura ka nufi ƙauyuka sai ta koma agogo kawai. Ni kuwa na dawo gida da 'yar takardar shaidar karatun kwamfuta, mutanen unguwa suka laƙaba mini Injiniya. (Ban taɓa gyara musu ba. In gaya maka gaskiya, in aka kira ni da sunana na yanka sai in yi kamar ban ji ba.)

Akwai wata ƙungiya ta 'yan asalin Kaura da Shinkafi da Zurmi, yawancinsu mazauna nesa: Legas, Kaduna, Fatakwal, wasu har Jidda. Suna da shafi a intanet wanda wani ya gina musu kafin ya bar ƙasar. Shafin yana aikinsa daidai gwargwado. Akwai rajistar mambobi da sunan kowa da garinsa da shekarar haihuwarsa, akwai wurin da mai ziyara zai bar saƙo, sannan a fuskar farko akwai sanarwa: aure, suna, rasuwa. To sanarwar nan ita ce matsalar. Ba wanda zai iya canza ko harafi ɗaya sai ya buɗe cikin shafin ya taɓa rubutun da aka gina shi da shi. Shi ya sa shugaban ƙungiyar, Alhaji Maiwada, ya ɗauke ni in riƙa kula da shi.

Yadda abin yake tafiya ke nan: sakataren Shinkafi ko na Zurmi zai rubuta sanarwa a takarda, ya ba direban mota, direba ya manta da ita a aljihu kwana uku, ta iso hannuna ta sha gumi, ni kuma in jira ranar da janaretan kafe, shagon intanet ɗaya tilo da muke da shi, yake da lafiya. Akwai sanarwar ɗaurin auren da ta fita bayan amarya ta riga ta tare har ta fara zuwa ganin gida.

Sai na kawo shawara. Na ce ba sai an rushe shafin ba, zan dai ƙara masa wata 'yar ƙofa ta baya. Kowane sakatare za a ba shi kalmar sirri, ya shiga, ya tarar da akwati biyu, ɗaya na kanu ɗaya na labari, ya rubuta abinsa kamar mai rubuta wasiƙa. A ƙasa maɓalli biyu. Ɗaya an rubuta masa Ajiye, wato a adana rubutun ba wanda zai gani. Ɗaya kuma Wallafa, wato duniya ta gani. Ga sanarwar rasuwa kuwa na yi wata dabara da na yi ta alfahari da ita: ba ka rubuta sunan mamaci da hannu, zaɓo shi za ka yi daga rajistar mambobi, don kada a yi kuskuren suna.

Alhaji Maiwada ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Injiniya, ni ban gane rabin abin da kac ce ba. Amma in dai takarda ta daina kwana aljihun direba, yi."

Na yi mako uku ina aikin. Ranar Laraba da la'asar na gama, na ɗora shi kan shafin, ya rage gwaji. Na gwada sanarwar aure da sunayen ƙarya, na goge. Na gwada ta suna, na goge. Da na zo kan rasuwa sai dabarata ta tare ni, domin dole in zaɓi suna daga rajista. Na yi ta gangarawa har na ga wanda shekarar haihuwarsa ta fi ta kowa nisa: Iro Tangaraho, Katuru. Ban san shi ba, ban taɓa jin labarinsa ba. Na dubi shekarar na ce a raina, wannan ai ya daɗe a ƙasa, mantawa aka yi ba a cire sunansa ba.

Maimakon in buga harufa barkatai kamar yadda mai hankali zai yi, sai marubucin da ke cikina ya motsa. Na rubuta cewa Allah ya yi wa dattijo Malam Iro rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, an yi jana'izarsa kamar yadda addini ya tanada. Na ce mutum ne mai haƙuri, mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na karanta sau biyu, har ni kaina abin ya taɓa ni. Na danna Ajiye. Kwamfuta ta ce, "An ajiye."

Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe fuskar farko in duba. Daƙiƙa nawa ne? Amma tela ya ce in zo kafin magariba in karɓi kaftanin da zan sa ranar Asabar, ranar ƙaddamar da aikin gaban dattawa, sai na rufe na tashi. Da na duba da na ga cewa ban taɓa koya wa fuskar farko bambanci tsakanin abin da aka ajiye da abin da aka wallafa ba. Layi ɗaya ne na manta. Duk abin da ya shiga, fitar da shi take yi.

Washegari na tafi Zurmi in koya wa sakataren can yadda zai yi amfani da abin idan ya shigo Kaura. Can babu sabis, don haka kwana biyu ban ji daga kowa ba, ba wanda ya ji daga gare ni. Na ci tuwo, na sha fura, na yi ta yi wa mutumin bayanin yadda duniya ta zama tafin hannu.

Ranar Asabar da safe na sauka daga mota kai tsaye zuwa zauren da aka ara don taron. Na jona wayar intanet, na kafa majigi, na rataya farin zane a bango. Dattawa suna ta shigowa, amma fuskokinsu ba irin na biki ba ne. Alhaji Maiwada ya ja ni gefe.

"Injiniya, ka taƙaita bayaninka. Muna da rashi. Da an tashi za mu wuce gaisuwa."

Na ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Ban tambayi ko wane ne ba. (Tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya: haushi na ji. Na ce a raina, mutum ya rasa ranar da zai mutu sai makon ƙaddamarwata.)

A gefen da aka keɓe wa mata na hangi wata baiwar Allah zaune, ga jakar tafiya a gabanta, idanunta sun kumbura sun yi ja. Na ji ana cewa 'yar mamacin ce, Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya a Legas. Wani ne ya ga sanarwa ya kira ta, ta bar aiki ta hau mota, kwana biyu tana hanya. Ƙauyensu babu waya, don haka da ta iso Kaura Alhaji ya ce ta jira a tafi tare a motarsa.

Aka zauna. A sahun gaba akwai wani alƙalin kotun shari'a, shi ma ɗan ƙungiya ne, mutum marar yawan magana wanda ko gaisuwa ya amsa maka sai ka ji kamar an ɗage zama. Alhaji Maiwada ya miƙe da takarda a hannu, ya gyara murya.

"Jama'a, kamar yadda wasunku sunka gani a shafinmu, Allah ya karɓi ran babanmu, Malam Iro Tangaraho na Katuru, bayan gajeriyar rashin lahiya."

Ka taɓa taka matakala a duhu ka tarar babu ita? Haka na ji. Alhaji ya ci gaba da karantawa: mai haƙuri, mai sanyin hali. Kalmomina ne, har da waƙafin da na sa. Ya ce tun ranar Alhamis wayarsa ba ta huta ba, ya kuma yaba wa sakataren Shinkafi, wanda ya ɗauka shi ne ya yi hanzarin sanar da duniya. Har ya juyo ya nuna ni, ya ce, "Kun ga amfanin aikin yaron nan tun ba a buɗe shi ba."

Nan ne ya kamata in miƙe in ce a dakata. Ban miƙe ba. Gumi ya jiƙa sabon kaftanin tun daga wuya har ƙugu. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: a cikin wannan ɗan lokacin na yi fatan a ce gaskiya ne. Na ce a raina, tsoho ne fa, wa ya sani, ƙila an yi dace. Allah ya yafe mini. Mutum yana zaune cikin masu addu'a yana fatan bawan Allah ya mutu don kada hularsa ta faɗi.

Aka ce alƙali ya yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga nawa. Ana tsakiyar addu'ar aka yi sallama a bakin ƙofa. Malam Sanusi ne, sakataren Shinkafi, ya makara saboda ya biya ta Katuru ya ɗauko babban baƙo, wanda tun wata guda aka aika masa takardar gayyata a matsayinsa na wanda ya girmi kowa a ƙungiyar. Dogon tsoho ne siriri, da jar dara da sanda, yana tafiya a miƙe kamar an zare shi daga kube. Da ya ga hannaye a sama sai ya jingine sandarsa, ya ɗaga nasa, ya yi ta cewa amin da ƙarfi har aka shafa.

Sannan ya dubi na kusa da shi ya ce, "Wa ya riga mu?"

Mutumin ya juyo, ya dube shi, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Wani ya yi salati da ƙarfi. Kujeru suka fara faɗuwa. Wani dattijo na gani da idona ya nufi taga. Alhaji Maiwada ya buɗe baki, takardar ta zame daga hannunsa.

Sai muryar mace ta ratsa zauren. "Baba!"

Hajiya Rabi ta taho a guje, ta zube a gabansa, ta riƙe ƙafafunsa tana kuka irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba na fatan in sake ji. Tana taɓa hannunsa, tana taɓa rigarsa, tana cewa, "Kai ne? Baba kai ne?" Tsohon ya sunkuya ya dafa kanta.

"Rabi? Mi ya kawo ki? Wa ya mutu?"

Alƙali ne ya amsa masa. Ya ce, "Malam, kai ne."

Tsohon ya dubi hannayensa gaba da baya, ya ce, "To, ba a gaya mini ba."

Da hayaniya ta lafa, Alhaji Maiwada ya juya kan Malam Sanusi. "Kai da ka zo da shi a raye, don mi ka rubuta ya mutu?" Malam Sanusi ya rantse ko kalmar sirrin ba a ba shi ba tukuna, yau ne aka ce za a raba. Na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, har suka taru a kaina.

Na miƙe. Na so in yi bayani da manyan kalmomi yadda ba wanda zai gane, amma alƙali yana kallona. Na ce, "Ni ne. Gwaji nake yi. Na ga shekarunsa, na ɗauka ya riga ya rasu."

Alƙali ya ce, "Ka gani da idonka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Wani ya shaida maka?"

"A'a."

"Kai dai ka ga ya isa."

Wasu suka yi dariya, ni kuwa ina ta lissafin ko laifin nan na bulala ne, kuma in na bulala ne, ko za a bari in cire kaftanin.

Tsohon ya ɗaga sanda, kowa ya yi shiru. Ya sa aka ɗaga 'yarsa aka zaunar da ita, ya tako har gabana. Na durƙusa ina jiran sandar. Sai ya ce, "Tashi, ɗana. Nuna mini inda na mutu."

Na kunna majigi. Abin da na yi mako uku ina mafarkin nunawa, ga shi ya fito ɓaro-ɓaro a jikin farin zane, da sunansa a sama. Ya matsa kusa, ba tabarau, ya karanta da kansa a hankali. Da ya zo kan mai haƙuri, mai sanyin hali, sai ya juyo ya dubi jama'a.

"Wanga ba ni ba ne. Maiwada, ka taɓa jin an ce ina da haƙuri?"

Alhaji Maiwada ya ce, "Gaskiya Baba, da na karanta wurin na yi mamaki. Na ce dai mamaci ne, a bar shi."

Zauren ya fashe da dariya, irin dariyar mutanen da suka tsorata suka dawo. Amma tsohon bai yi ba. Ya nuna ƙasan zanen da sandarsa ya ce, "Waɗannan fa?"

Saƙonnin masu ziyara ne. Ni kaina ban gan su ba sai lokacin. Na gangara, na gangara, ba su ƙare ba. Ya ce in karanta masa da ƙarfi, ya ja kujera ya zauna.

Sai a nan na san wane ne na kashe. Ashe shi ne mai buga wayar tangaraho a tashar jirgin ƙasa ta Kaura tun zamanin da jirgi ke zuwa ya juya a garinmu, shi ya sa ake ce masa Tangaraho. Duk saƙon da ya shigo ƙasar nan ko ya fita da gaggawa, ta yatsunsa ya bi. Wani daga Fatakwal ya rubuta cewa ranar da saƙon rasuwar mahaifinsa ya iso tasha, Malam Iro bai ba ɗan aike ba, da ƙafarsa ya tako har gida ya zauna da su. Wani daga Kaduna ya ce shi ya koya masa buga tafireta da rankwashi, kuma da wannan sana'ar ya riƙe iyalinsa. Wata daga Jidda ta ce ta yi masa ɗawafi. Wani kuma, wanda da na karanta sunansa na ji zauren ya yi wani irin motsi, ya rubuta cewa sun fi shekara ashirin ba sa ga maciji da Malam a kan maganar iyakar gona, shi ne marar gaskiya, ya yi ta niyyar zuwa neman gafara yana ɗagawa, ga shi ya makara.

Na tsaya a nan. Tsohon yana zaune bai motsa ba, hannayensa biyu a kan sanda, hawaye yana bin tsagar fuskarsa bai share ba. Sai ya juyo ya dube ni.

"Yaushe ka rubuta?"

"Laraba da la'asar, Baba."

"Laraba." Ya ƙirga da yatsu. "Yau kwana ukku. Har Jidda." Ya girgiza kai. "Mu da munka yi aikin waya muna ganin mun kai ƙarshen sauri. Ikon Allah. Kuma duk waɗanga, ban san sun riƙe ni ba."

Ni da na gina abin, ban taɓa tunanin akwai mutane na gaskiya a ɗaya ƙarshen ba. A wurina akwati biyu ne da maɓalli biyu.

Na ce, "Baba, bari in goge yanzu."

"Kada ka taɓa. In ka goge, wanda ya gani jiya ya san an goge? Gyara akan aika. Ina wurin rubutun?"

Na buɗe masa 'yar ƙofar tawa. Kuma don ka san hali ba ya barin mai shi, ko a wannan yanayin sai da na fara: "Baba, wannan shi ake kira allon rubutu, kowane maɓalli harafi ne, in kana son babban baƙi sai ka..."

Ya ture hannuna. Ya matso ya zauna gaban kwamfutar, ya miƙa wa Malam Sanusi sandarsa, ya naɗe hannun riga. Ya shafa maɓallan sau ɗaya kamar mai gaisawa da tsohon aboki, ya ɗora yatsu goma, ya ɗaga kai ya kalli zanen bango. Sai ƙara ta tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Bai dubi hannunsa ko sau ɗaya ba. Ni Injiniya, da yatsu huɗu nake bugawa, ina yi ina leƙe. Dattawa suka miƙe tsaye suna kallon harufa suna zubowa a bango:

"Ni Iro ina raye. Yaro ne ya yi kuskure, na yafe masa. Na ji saƙonninku duka. Addu'ar da kunka yi kada ku janye, tana nan tana jirana. Mai maganar gona ya zo, ƙofa buɗe take, amma ya yi sauri."

Ya tsaya ya dubi maɓallan biyu na ƙasa. "Wanne ne ke aikawa?"

Na ce, "A halin yanzu, Baba, duka biyun."

Nan ne ya yi dariya, har dararsa ta karkace. Ya danna Wallafa da kansa. Sannan ya juyo, fuskarsa ta koma yadda take.

"Ɗana, ji nan. A tasha, ko saƙon buhun gyaɗa ne ni kaɗai nike bugawa. Amma saƙon mutuwa ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma ɗayansu ya ga gawa ko ya ga wanda ya gani. Injinka ya fi namu sauri. To shi ya fi namu buƙatar mutum na biyu."

Alƙali ya gyaɗa kai ya ce hukuncin ya yi, ba shi da ƙari.

Da aka tashi kowa ya kewaye tsohon, ana taɓa shi ana dariya. Ni kuwa na lallaɓa wurin Hajiya Rabi na durƙusa daga nesa, na ce ta yafe mini. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ƙanena, kwana biyu na yi a mota ba ni da uba. Kai kana ina?" Na ce ina Zurmi. Ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Ni ban ci ba." Ta ɗauki jakarta ta bi mahaifinta. Sai bayan mako biyu, ranar da za ta koma Legas, ta aiko Malam Sanusi ya ce mini ta yafe, wai Baba ne ya ce ba zai sa mata albarkar tafiya ba sai ta yi.

Ba a kore ni ba, abin da har yau nake mamaki. A ranar na ƙara layin da na manta, cikin makon kuma na yi yadda tsohon ya ce: sanarwar rasuwa ba ta fita sai sakatare ya rubuta, shugaba ya shiga da tasa kalmar sirrin ya tabbatar. Mai maganar gona ya zo Katuru kafin wata ya ƙare, aka ce sun yini a ƙarƙashin bishiya, rabin yinin suna sabon musu a kan wa ya fara. Baba Iro ya ƙara shekaru masu dama a duniya. Duk ranar da ya shigo Kaura sai ya biyo ta kafe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ina mai kashe ni? Zo ka gani, yau ma ban tafi ba." Sannan ya zauna ya amsa saƙonninsa da kansa, masu kafe suna taruwa a bayansa suna kallon yatsunsa. Ranar da rasuwar tasa ta tabbata kuwa, Malam Sanusi ya rubuta, Alhaji Maiwada ya tabbatar, ni kuma na je jana'izar na gani da idona. Ba wanda ya rubuta mai sanyin hali.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi da kyau. Ba na danna komai in tashi sai na zagaya na ga abin da mutanen waje suke gani, ko da tela zai rufe shago. Kuma tun daga ranar, in gwaji ya buƙaci mamaci, sunana nake sakawa. Na rasu a kwamfutoci da yawa a jihar nan, kullum bayan gajeriyar rashin lafiya. Sau ɗaya ma, a wani aikin daban, sanarwar ta kuɓuce ta yi kwana biyu a fili kafin in lura. Na zauna na buɗe wurin saƙonni, in ga abin da duniya za ta ce a kaina.

Saƙo ɗaya na tarar. Wani ne yake tambaya, to yanzu wa zai riƙa gyara musu firinta.